Gargaɗi ga Ma'abota Kwamfuta Game da Kasafin Faifai

Tun daga shekarar 2011, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Dutsin-Ma, ta zo ta iske Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda aka raɗa wa sunan marigayi Wazirin Katsina, ministan ilimi na tsohuwar Jihar Arewa, sa'an nan kuma hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya bisa kwamfuta a 2015, sai wannan na'ura, wadda a da ba a ganinta sai a ofishin hukuma ko a banki, ta zama kayan aikin ɗalibi da malami da mai shagon buga takardu, har ya zamana ba wanda ke waiwaye don ya ga ɗan Shema ko ɗan Kurfi ya sauka daga mota lokacin hutu rataye da jakar kwamfutar tafi-da-gidanka. Galibin waɗannan na'urori na hannu ne, waɗanda suka gama hidima a ofisoshin Turai da Amurka, aka sauke su a Ikko, fatake suka hauro da su Kano da Katsina; kuma kusan kowace ɗaya daga cikinsu, ko ranar saye, ko ranar da ta fara nauyi, ko ranar da ƙwayar cuta ta shige ta, sai an kai ta wurin mai gyara an ce a yi mata fomatin, a ɗora mata sabuwar Windows. To, a tsakiyar wannan aiki akwai wani mataki guda wanda bai cika cin minti ɗaya ba, amma a kansa ne ake tsira da wahalar shekaru ko a yi hasararta, shi ne kasafta faifai, wanda masu gyara ke kira fatishin.

Kafin a shiga tafsili, wajibi ne mai karatu ya rarrabe tsakanin abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su. Na farko shi ne babbar manhaja, irin su Windows da Linux, wadda ke tafiyar da na'ura, tana karɓar umarni daga mai aiki tana isar da shi ga sassanta, wadda in babu ita kwamfuta ba ta wuce ƙarfe da roba ba. Na biyu shi ne faifan ajiya, inda ita kanta babbar manhajar take zaune, tare da duk abin da mai na'ura ya tara na rubuce-rubuce da hotuna da karatuttukan malamai da lissafin ciniki. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irin wannan faifai a 1956, wani jibgegen abu mai faranti 50 a jere, wanda duk da girmansa bai ɗauki fiye da haruffa miliyan 5 ba, alhali kuwa a yau faifan da bai fi tafin hannu ba yana ɗaukar giga 500, wato ninkin wancan sau 100,000. A kasuwa iri biyu ne: akwai tsohon yayi mai faranti da ke juyawa a ciki, akwai kuma SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri, ya kuma fi jure jijjiga.

Mafi sauƙin hanyar fahimtar kasafi ita ce a ƙaddara faifai a matsayin fili guda na noma, wanda aka yanka shi gona-gona, aka rubuta iyakar kowace gona a cikin littafi aka ajiye a wurin dagaci. Kowace gona ita ce yanki ɗaya na faifan, littafin iyakoki shi ne jadawalin kasafi, shara da yin kunya kafin shuka kuwa shi ne fomatin, wanda ke shirya yanki don ya karɓi ajiya. Idan littafin ya salwanta, amfanin gona yana nan tsaye inda yake, sai dai ba wanda ya san inda tasa ta fara da inda ta ƙare. Haka nan kwamfutar da aka shafe jadawalinta za ta ce faifan fanko ne, alhali kayan suna kwance a ciki ba a taɓa su ba tukuna. Fa'idar kasafi kuwa a fili take, domin in aka keɓe wa babbar manhaja yankinta, aka keɓe wa kayan mutum nasu, to ranar da manhaja ta lalace sai a share nata yankin kaɗai a sake ɗora ta, ɗayan yana nan lafiya.

Tsarin jadawali na farko da ya game duniya shi ne MBR, wanda ya bayyana a 1983, lokacin da IBM ya fito da kwamfutarsa ta XT mai faifan mega 10. A wannan tsari, gurbin farko na faifai, mai girman bayit 512, shi ne ke ɗauke da umarnin tayar da na'ura da kuma jadawalin, wanda aka ba shi bayit 64 kacal, aka raba shi gida 4. Don haka ne ma faifan MBR ba ya karɓar manyan yankuna fiye da 4, sai dai a yi dabarar mayar da ɗaya daga cikinsu uwa a haifi ƙanana a cikinsa, kuma ba ya iya lissafa faifan da ya haura tera 2. Daga wancan zamani ne kuma aka gaji sunan C ga yankin da babbar manhaja take zaune, D kuma ga wanda ke biye masa, domin an riga an ba da haruffan A da B ga ƙofofin faya-fayan filofi, waɗanda yaran yanzu ba su ma taɓa gani ba. Babban aibin MBR shi ne kwafin jadawalinsa ɗaya ne tak, in ya ɓaci babu madadi.

Saboda waɗannan nakasu ne kamfanin Intel ya soma tsara wani sabon nizami a ƙarshen shekarun 1990, wanda aka sani da GPT, wanda a ƙarƙashin Windows yake karɓar yankuna har 128, yake ɗaukar faifai mai girman da ya wuce buƙatar kowa, yake kuma ajiye kwafi na biyu na jadawalin a ƙarshen faifai, tare da wani lissafi na tantancewa da ke tona asiri in an sami ɓaraka. Abin lura a nan shi ne, kowane tsari yana da abokin tafiyarsa daga cikin ƙananan manhajojin da ke farkar da na'ura kafin Windows ta karɓi ragama: tsohuwar, wato BIOS, tana tafiya da MBR, sabuwar kuwa, wato UEFI, tana tafiya da GPT. Wannan mas'ala ta ƙara muhimmanci a yanzu, domin Windows 11, wadda ta fito ran 5 ga Oktoba 2021, ta sharɗanta UEFI da faifan da bai gaza giga 64 ba, sa'an nan kamfanin Microsoft ya rufe kulawarsa ta yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, ta yadda dubban na'urorin hannu da ke ƙasarmu za su koma teburin masu gyara don sauyi.

Bari mu matso kusa da teburin, mu ga yadda abin yake gudana. A ƙaddara ga wata ɗaliba 'yar Kurfi da ke ajin ƙarshe, ta kawo kwamfutarta wani shago a Dutsin-Ma da hantsi, janareta yana ruri a bakin ƙofa, mutum huɗu suna kan benci suna jiran layi. Mai gyara ya soka filash mai ɗauke da Windows, ya sake kunna na'ura, ya wuce tambayar harshe da ta yarjejeniya, sai ga wani allo mai layuka huɗu: faifai mai lamba 0, yanki na 1, mega 100, yanki na 2, mega 16, yanki na 3, giga 150, yanki na 4, giga 315. A ƙarƙashinsu ga maɓallin gogewa, ga na fomatin, ga na sabon yanki, a jere kafaɗa da kafaɗa. A wannan allo babu harafin C, babu na D, sai lamba da girma kawai, da suna in an taɓa raɗa wa yankin suna. A nan ne ƙafar mai gaggawa take zamewa.

Mai gyara ya ɗago kai ya ce, "Ƙanwata, akwai wani abu mai muhimmanci a ciki?"

Ta ce, "Yaya, ba wani abu, kayana duk suna D. Sai furojet ɗina, shi kuma ba ya cikin kowanne, yana nan kan fuskar allo inda nake ganinsa."

In ta yi gamo da mai tsoron Allah wanda ya san aikinsa, zai zare filash ɗin nan take ya ce, "Ai fuskar allon nan cikin C take, ƙanwata. Bari mu kwashe shi tukuna, ki gan shi da idonki a wani wuri, sa'an nan mu ci gaba." In kuwa ta faɗa hannun wanda hankalinsa ke kan mutanen benci, to danna biyu sun isa su tafi da binciken shekara guda. Haƙiƙa wannan gafala ta yi yawa a tsakanin masu kwamfuta, domin duk abin da aka ajiye a fuskar allo, da jakar takardu, da jakar hotuna, da jakar abubuwan da aka sauko da su daga intanet, a yankin C yake bisa asali, sai fa in mutum ya sauya musu mazauni da gangan; saboda haka mallakar yankin D ba ta tsinana wa kowa kome, matuƙar ba can yake kai ajiyarsa ba.

Akwai wani tarko na biyu wanda ya fi wannan muni. Sau da yawa, in aka zaɓi yankin da za a ɗora manhaja, sai na'ura ta ƙi, ta rubuto cewa ba za a iya ɗora Windows a wannan faifai ba saboda tsarinsa GPT ne, ko kuwa saboda MBR ne. Illar ba ta faifan ba ce, saɓani ne tsakanin tsarinsa da hanyar da aka tayar da na'ura. Amma wasu masu gyara sun haddace wani umarni na manhajar diskpart wanda ke kawar da matsalar cikin ƙiftawar ido, ba tare da sun faɗa wa mai kaya cewa umarnin yana shafe jadawalin faifan ɗungurungum ba, har da yankin D da ya dogara a kai. Maganin da ya dace ya fi wannan sauƙi da aminci: ko dai a shiga saitin na'ura a daidaita hanyar tashi da tsarin faifai, ko a koma manhajar Rufus, wadda da ita ake shirya filash ɗin, a zaɓi tsarin da ya dace, ko kuma a yi amfani da mbr2gpt, wadda Microsoft ya sanya cikin Windows 10 tun 2017, mai juya faifai daga tsohon tsari zuwa sabo ba tare da goge kaya ba, ko da yake ita ma ihtiyaɗi ya hukunta a kwafe kaya kafin a taɓa ta.

Game da yadda za a yi rabon kuwa, da farko kada mai saye ya zargi ɗan kasuwa da ha'inci don ya ga faifan da aka ce masa giga 500 ne ya nuna 465, ko na 256 ya nuna 238, ko na tera 1 ya nuna giga 931; masu ƙera faifai suna ƙirga da 1,000 ne, Windows kuwa tana ƙirga da 1,024, bambancin ke nan. Wanda ke da faifan giga 500, in ya ba C tsakanin giga 120 zuwa 150, ya bar saura ga D, ya yi daidai. Ƙuntata wa C kuskure ne, domin manhaja tana ƙara ƙiba da kowane sabuntawa, kuma in wuri ya ƙure mata sai na'ura ta koma tafiyar hawainiya. Wanda faifansa bai wuce giga 128 ba, maslaharsa ita ce ya bar shi yanki guda, ya nemi faifan waje don kayansa. Ƙananan yankunan nan kuma da ake gani, na mega 100 da na mega 16 da na farfaɗo da manhaja, Windows ce ke yanka su da kanta don buƙatarta, musamman na farkon wanda daga cikinsa na'ura ke tashi. Kada ƙanƙantarsu ta sa a ɗauke su shara a goge su a kan kwamfutar da ke aiki. Ya kuma kyautu a sani cewa ba sai an sake ɗora manhaja ake samun yankin D ba, domin a cikin Windows akwai sashen kula da faifai wanda ke tsuke C ya fitar da sabon yanki daga sararin da ya rage. Sharaɗi ɗaya ne: kada a fara wannan aiki da mataccen batir ana dogaro da wutar gari ko janaretan da mansa ya kusa ƙarewa, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar matsar da iyaka tana iya ɓata yankin baki ɗaya.

Ɗaliban sashen ilimin kwamfuta, waɗanda karatunsu kan buƙaci Linux, wadda Linus Torvalds ya soma a Helsinki ta ƙasar Finland a 1991, suna iya zaunar da ita tare da Windows a faifai ɗaya, kowace a yankinta, na'ura ta riƙa tambaya wadda ake so a duk lokacin kunnawa. Ƙa'idar ita ce a fara ɗora Windows, a tsuke yankinta, sa'an nan a kawo Linux, irin su Ubuntu, cikin sararin da aka samar, a kuma karanta zaɓin da ke kan allo da natsuwa, domin zaɓin zama tare da zaɓin shafe faifai duka maƙwabtan juna ne. Kowace manhaja da irin shimfiɗar da take so: Windows tana zama a kan NTFS, Linux galibi a kan ext4, wanda Windows ba ta karanta shi da kanta, har takan nemi a yi masa fomatin, kuma wanda ya amsa mata ya rusa wa kansa aiki. Filash mai tsarin FAT32 kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, ko da kuwa fanko ne; tsarin exFAT ne maganin wannan.

Bayan duk wannan bayani, ga gaskiyar da ta fi kowace nauyi: yankin D bai zama madadin ajiya ta biyu ba. C da D jiki ɗaya ne, a faifai ɗaya suke, kuma abin da ya sami faifan ya same su tare, ko faɗuwa daga kan babur ne, ko zafin bazara, ko ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ko wuta mai ƙarfi da ta zo ba zato, ko ɓarawo da ya ɗauke jakar ɗungum. Kasafi yana kare mutum daga lalacewar manhaja kawai. Masana sun yi nasiha da a riƙe kwafi 3 na duk abu mai daraja, a kan ma'adana iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ga ɗalibi wannan bai wuce kwamfutarsa da filash ɗinsa da akwatin imel ɗinsa ba, tun da Google yana ba kowane mai asusu giga 15 kyauta. Haka kuma sababbin na'urori da yawa suna zuwa da faifai a kulle da BitLocker, wanda mabuɗinsa lambobi 48 ne. Duk wanda ya sake ɗora manhaja bai adana wannan mabuɗi ba, yana iya tarar da D a rufe, ba kuwa mai gyaran da zai iya buɗe masa.

In ƙaddara ta riga fata, aka goge yanki bisa kuskure, to abin yi na farko shi ne a tsaya cik, kada a ci gaba da ɗora manhaja, kada a rubuta kome a faifan, domin kowane sabon rubutu yana hawa kan tsoho ne yana binne shi. Manhajar TestDisk, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta ya sake ta kyauta, takan gano iyakokin da suka ɓace ta mayar da su, musamman a faifai mai juyawa. A kan SSD kuwa fata ta fi ƙaranci, domin shi yakan share gurbin abin da aka goge da kansa ba da jimawa ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Daga nan sai maganar amana, wadda ita ce ginshiƙin kowace sana'a. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san cewa mazhabar Malikiyya ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan jama'a da aka damƙa musu suka kaɗaita da su, don kiyaye maslahar mutane. Tafsilin yadda wannan hukunci zai hau kan rubutun da ke cikin na'ura na malamai ne, amma ruhinsa bai ɓuya ga kowa ba. Mai gyara da aka miƙa wa kwamfuta an miƙa masa gumin mai ita da sirrinsa, saboda haka bai halatta ya goge abin da ba a yi masa izini ba, bai kuma halatta ya leƙa hotunan iyalin mutane ko ya kwafe su ba. Kyakkyawar al'ada ita ce ya nuna wa mai kaya allon kasafi, ya bayyana masa yankin da zai share da wanda zai bari, ya ji amincewarsa da kunnensa kafin ya danna, ya kuma koya wa yaran shagonsa wannan ladabi kamar yadda yake koya musu kwance na'ura.

Shi ma mai kwamfuta yana da nasa haƙƙin a kan kansa, kuma abubuwa huɗu sun ishe shi kafin ya fita daga gida. Ya kwafe kayansa zuwa wata ma'adana, ya buɗe kwafin ya tabbata yana karantuwa. Ya raɗa wa yankunansa suna, misali ya kira C Manhaja, ya kira D Ajiya, ya kuma rubuta girman kowanne a takarda, don a gane su a allon da ba ya nuna haruffa. Ya nemo mabuɗin BitLocker in faifansa a kulle yake. Sa'an nan in ya isa shago ya zauna har a wuce matakin kasafi a gabansa, ya tambayi abin da bai gane ba ba tare da jin kunya ba, domin matambayi ba ya ɓata, kuma mai gyara na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya. Waɗanda Allah ya ba wannan ilimi a jami'a da kwaleji kuwa, zakkarsa ita ce su sanar da ƙannensu da maƙwabtansu, a Dutsin-Ma da Shema da Kurfi da sauran garuruwa, tun kafin a kai na'ura shago. Allah ya sa mu zama masu kiyaye amana, ya kuma amfanar da mu da abin da ya sanar da mu.